LIKITOCIN GOBE SUN SAN ILLAR SIGARI, AMMA WA YA KOYA MUSU RABA MUTUM DA ITA?

Daga Wakilinmu na Arewa, Abuja

AKWAI wata magana da ta daɗe a bakin mashaya taba, daga Sabon Badun zuwa Agege da Idi-Araba, har tashar manyan motoci ta Ogere. In ka ce wa mutum ya rage sigari saboda tarin da ya hana shi barci, sai ya kaɗa baki ya ce maka ai da idonsa ya ga likita yana busawa a bayan asibiti, da abin kisa ne da shi zai fara gudu. Da wannan magana direbobi da masu gadi da mahauta da 'yan goro da yawa suke kashe bakin iyalansu.

Maganar kuwa ba ƙarya ce tsantsa ba. Akwai likitocin da ke shan sigari a ƙasar nan, akwai su cikin manya, akwai su cikin matasa masu koyon aiki. Amma akwai abin da ya fi wannan damuwa, wanda mashayin taba bai sani ba, shi ne cewa ko likitan da bai taɓa sa kara a bakinsa ba, sau da yawa ba a koya masa yadda zai raba mai sha da ita ba. An koya masa hoton huhun da hayaƙi ya cinye, ya haddace sunayen cututtuka ya ci jarrabawa, amma in mutum ya zauna gabansa ya ce, "Likita, ina so in bari na kasa," to, daga "ka yi ƙoƙari ka daina" sai rubuta maganin tari.

SU WANE NE MASU KOYON AIKI?

Ya kamata mai karatu ya fara sanin su wa muke nufi. Yaro yakan yi shekara shida a jami'a kafin a kira shi likita. Daga nan sai ya yi shekara guda yana aiki a ƙarƙashin manya a asibitin da Hukumar Likitoci ta Ƙasa ta amince da shi, sa'an nan ya tafi bautar ƙasa. Wanda yake son ya zama gwani a wani fanni, watau kamar tiyata ko ciwon zuciya ko haihuwa ko lafiyar yara, sai ya sake komawa babban asibiti ya yi wasu shekaru huɗu zuwa shida, wani lokaci ma fiye, yana aiki yana karatu yana zana jarrabawa. Masu yi musu jarrabawar su ne Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, tana nan Ijanikin a kan hanyar Badagiri a Jihar Ikko, da kuma takwarorinta na Afirka ta Yamma.

A nan Abuja akwai irin waɗannan matasa a Babban Asibitin Ƙasa da aka buɗe a 1999, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada, da Asibitin Tarayya na Jabi, da kuma asibitocin Hukumar Birnin Tarayya irin na Asokoro da Maitama da Wuse. Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya babban asibiti, ko a Abuja ko a Ikko ko a Badun, su ya gani. Babban likita yakan zagaya da safe da tawagarsa ya wuce. Wanda zai karɓi katinka, ya tambaye ka, ya kwana da mara lafiyarka, ya rubuta takardar sallama, shi ne wannan saurayi ko budurwa mai farar riga da jajayen idanu don rashin barci. Saboda haka abin da suka sani da abin da ba su sani ba, a jikinmu yake ƙarewa. Kuma su ne za su zama malaman na baya nan da shekara goma.

ABIN DA ƘIDAYA TA NUNA

A shekarar 2012 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya, sun bi gida gida sun yi ƙidayar masu amfani da taba. Nijeriya ce ta fara yin irin wannan ƙidaya a ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara. Aka sami manya kimanin miliyan 4.7 suna amfani da taba ta kowace hanya, miliyan 3.1 daga cikinsu masu busa hayaƙi ne. Cikin maza goma akwai guda mai amfani da ita, mata kuwa ba su taka kara sun karya ba. Abin lura a ƙidayar shi ne kusan rabin mashayan sun ce sun gwada bari a cikin shekarar da ta gabata. Watau dai niyya tana nan, hanya ce babu. Wata cibiyar nazarin tattalin arziki da ke nan Abuja, mai suna CSEA, ta ƙiyasta a 2021 cewa cututtukan taba suna kashe mutum kusan 29,000 kowace shekara a ƙasar nan.

To, su likitocin fa? A 2009 Dokta Olufemi Desalu na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ilori da abokan aikinsa sun fitar da sakamakon wani bincike da suka yi a kan likitocin Nijeriya 436. Kusan 18 cikin ɗari daga cikinsu suna shan taba. Wasu binciken da aka yi a wasu asibitoci sun sami adadin da bai kai haka ba, kuma kowa ya san ba kowane likita ne zai rubuta a takarda cewa yana sha ba. Amma sauran lissafin ya fi ɗaukar hankali. Kashi 30 cikin ɗari kacal aka samu da kyakkyawan sani game da hanyoyin raba mutum da taba. Kashi 70 sun faɗa da bakinsu cewa abin da aka koya musu a makaranta game da taba bai wadatar ba. Mafi yawansu suna tambayar mara lafiya ko yana sha, fiye da rabi suna yin 'yar gajeriyar nasiha, amma masu rubuta maganin da ke taimaka wa mutum ya bari 'yan ƙalilan ne, masu cewa "ka dawo ran kaza mu ga inda ka kwana" kuwa ba su kai ɗaya cikin biyar ba.

Wannan ba ciwon Nijeriya kaɗai ba ne. A 2005, shekarar da aka keɓe Ranar Yaƙi da Taba ta Duniya, watau 31 ga Mayu, don ma'aikatan lafiya, an tambayi ɗaliban aji uku na makarantun likita da jinya da haɗa magunguna da haƙori a ƙasashe goma, har da Masar da Uganda da Indiya. Kusan dukkansu sun yarda cewa aikinsu ne su taimaki mara lafiya ya bar taba. Waɗanda aka zaunar da su aka koya musu yadda ake yi kuwa, a wani wuri biyar ne cikin ɗari, inda abin ya fi kyau ma ba su wuce 37 ba.

YAYA MAI ILMI YAKE FAƊAWA?

Mutane sukan yi mamaki, wai yaya wanda ya tsaga gawa ya ga baƙin huhu zai fita ya kunna sigari. Amsar ba ta da wuya. Galibin mashaya sun fara ne suna samari, a bayan ɗakin kwanan makarantar sakandare ko a majalisar unguwa, tun kafin su san za su zama likitoci ko direbobi. Kafin ilmi ya zo, jini ya riga ya saba. Sinadarin da ke cikin taba, wanda ake kira nikotin, yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa goma zuwa ashirin bayan an zuƙa, kuma ba ya tambayar takardar shaidar kowa.

Sai kuma wahalar aikin. Likita mai koyon aiki yakan shiga asibiti da safe, ya wuni, ya kwana a bakin aiki, gari ya waye ya ci gaba da duba mutane. Ga karatun jarrabawa, ga rigimar albashi da alawus da ta sa ƙungiyarsu ta shiga yajin aiki sau da dama, kamar wanda suka yi wata biyu suna yi a 2021. Bugu da ƙari abokan aikinsu suna ta ficewa. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa a 2024 cewa likitoci kimanin 16,000 sun bar ƙasar nan a cikin shekara biyar, saura wajen 55,000 suke riƙe da jama'a fiye da miliyan 200. Aikin mutum uku ya koma kan mutum ɗaya. Direban tirela da ya taso daga Apapa zai kwana a hanya zuwa Kano ya fi kowa sanin abin da ke sa hannu ya nufi aljihu da ƙarfe uku na dare.

Sai dai akwai bambanci guda tsakaninsu. Direba yakan sha tasa a fili, likita kuwa a ɓoye, a cikin mota ko a bayan gini, ya bi da alewa mai ƙamshi. Kunya ba za ta bar shi ya je wurin abokin aikinsa ya ce a taimake shi ba. Haka zai yi ta fama shi kaɗai. Kuma binciken da aka yi a ƙasashe da yawa ya nuna cewa likitan da ke sha bai cika matsa wa mara lafiya a kan maganar taba ba. Wannan ba abin mamaki ba ne. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

LIKITOCIN INGILA SU SUKA FARA TUBA

Ga mai cewa likita ma yana sha, akwai labarin da ya kamata ya ji, domin da likitoci aka gano gaskiyar taba tun farko.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ciwon dajin huhu ya yi ta kashe maza a Ingila, ba a san dalili ba. A lokacin sigari ado ne, har a Amurka wani kamfani yana tallar tabarsa mai suna Camel da cewa ita ce likitoci suka fi sha. Aka sa wasu masana biyu, Richard Doll da Austin Bradford Hill, su binciko. Shi Doll da farko ya fi zargin kwaltar da ake shimfiɗawa a tituna da hayaƙin motoci. Da suka bi asibitocin Landan suna tambayar marasa lafiya, sai suka tarar kusan duk mai dajin huhu mashayin sigari ne. Doll kansa yana sha. Tun bai gama binciken ba ya jefar da ita. Suka buga sakamakon a 1950, mutane da yawa suka ƙi yarda.

Sai suka sake dabara. A 1951 suka aika wa dukan likitocin Ingila takarda suna tambayar kowa ko yana sha, kuma kara nawa a rana. Wajen 40,000 suka amsa, mafi yawansu kuwa mashaya ne. Suka zauna suna jira, duk likitan da ya mutu sai a duba abin da ya kashe shi. A 1954 amsa ta fito fili: masu sha su ne ke mutuwa da dajin huhu, kuma gwargwadon yawan shanka gwargwadon haɗarinka. Aka ci gaba da bin waɗannan likitoci har shekara hamsin. Rahoton ƙarshe da ya fito a 2004 ya nuna cewa mai shan sigari har ƙarshen ransa yakan yi asarar kimanin shekara goma, kuma rabin masu nacewa ita ce ajalinsu. Amma wanda ya bari yana ɗan shekara 30 ya tsira da kusan dukan shekarun nan goma, mai 40 ya tsira da tara, mai 50 da shida, har mai 60 ma ya sami uku. Doll ya rasu a 2005 yana da shekara 92.

Abin da ya biyo baya shi ne darasin. Da likitocin Ingila suka ga lissafin da aka yi da gawarwakin abokan aikinsu, sai suka yi ta bari, suka riga sauran jama'a nesa ba kusa ba. A 1962 ƙungiyar manyan likitocinsu ta fitar da rahoto ta ce wa gwamnati ta tashi tsaye, a 1964 babban likitan gwamnatin Amurka, Luther Terry, ya bi sahu. Likita ne ya fara ajiye kwalinsa, sa'an nan bakinsa ya buɗe, sa'an nan jama'a suka ji.

Mu kuwa a wancan lokaci kamfanin taba bunƙasa yake yi a ƙasar nan. Masana'antar Badun tana aiki tun 1937, ta Zariya ta biyo baya a 1959, manoma a ƙasar Zazzau suna noma ganye suna kai wa kamfani. Dattawan da ke karanta wannan shafi ba su manta da Three Rings ba.

MINTI UKU

To, mene ne wannan ilmi da muke cewa ba a koyar ba? Mai karatu zai yi zaton wani babban abu ne mai bukatar na'ura. Ko kusa.

A 1979 wani likita mai suna Michael Russell ya gwada abu mai sauƙi a Landan. Ya sami likitocin unguwa 28 da mashaya fiye da 2,000 da suka zo ganinsu don wasu larurori dabam. Wasu ba a ce musu komai ba. Wasu likita ya dube su ya ce su bar taba, ya ba su 'yar takarda mai bayani, ya ce za a sake tuntuɓarsu. Bayan shekara guda, cikin waɗanda ba a yi wa magana ba mutum uku ne cikin dubu suka bari suka ɗore. Cikin waɗanda aka yi wa magana aka ba takarda, biyar cikin ɗari. Wani zai ce biyar ɗin me? Russell ya buga lissafi ya ce in kowane likitan unguwa a Ingila zai yi haka, za a sami fiye da mutum rabin miliyan suna barin taba kowace shekara, da maganar da ba ta wuce minti biyu ba. A kawo wannan lissafi a ɗora a kan layin da ke cika harabar asibitin Gwagwalada ko na Wuse kowace safiya.

Daga irin wannan bincike aka tsara matakai biyar da Hukumar Lafiya ta Duniya take so kowane ma'aikacin lafiya ya iya. Ya tambayi duk wanda ya zo, ko ciwon ƙafa ya kawo shi, ko yana amfani da taba, ya rubuta a kati. Ya gaya masa ƙarara ya bari, yana haɗa maganar da ciwon da ya kawo shi, watau ya ce wa mai hawan jini ga abin da take yi wa jijiyoyinsa, ya ce wa mai tarin fuka tana jawo ciwon ya dawo, ya ce wa wanda za a yi wa tiyata in ya bari mako huɗu kafin aiki rauninsa zai fi saurin warkewa. Sa'an nan ya auna ko mutumin ya shirya. In ya shirya, su tsai da rana tare, ya taimaka masa da dabara da magani. Na ƙarshe, wanda aka fi sakaci da shi, ya sa masa ranar dawowa, musamman a makon farko.

Akwai tambaya guda da ƙwararru suke yi wadda take tona yadda taba ta kama mutum: in ka farka da safe, minti nawa kake yi kafin ka kunna ta farko? Wanda ba ya kai rabin sa'a, to, kamun ya yi ƙarfi, kuma da wuya nasiha kaɗai ta ishe shi. Irin wannan in ya bari zai ji fushi ba dalili, da rashin barci, da ciwon kai, da yunwa, hankalinsa ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Abin yakan fi tsanani a kwanakin farko, ya yi sauƙi bayan mako biyu zuwa huɗu. Mutumin da ba a gaya masa haka ba, ran kwana na uku sai ya ɗauka barin tabar ne zai kashe shi, ya aika yaro wurin mai tebur. Alhali da likita ya yi masa bayani tun farko, da ya san ƙofar fita ya kusa.

Magani ma akwai. Akwai cingam da filasta masu ɗauke da nikotin kaɗan, waɗanda suke kashe ƙishirwar ba tare da hayaƙi da kwaltar da ke cikinsa ba, ana rage su sannu a hankali cikin wata biyu zuwa uku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa su cikin jerin magungunan da bai kamata ƙasa ta rasa ba tun 2009. Akwai kuma ƙwayoyi irin su bareniklin da bufurofiyon, waɗanda aka ƙara cikin jerin a 2021, da wani mai araha da ake kira saitisin, wanda aka daɗe ana amfani da shi a gabashin Turai. Waɗannan ƙwayoyi sai da rubutun likita, domin ba kowane jiki suke karɓa ba, kada wani ya je kemis ya ce a auna masa. A watan Yuli na 2024 hukumar ta fitar da cikakken jagora na farko ga likitoci a kan wannan aiki, ta ce nasihar daƙiƙa talatin zuwa minti uku ta zama al'ada a kowane asibiti, kuma haɗa magani da nasiha ya fi kowanne shi kaɗai. Ta ce cikin masu amfani da taba biliyan 1.25 a duniya, fiye da miliyan 750 suna so su bari, amma kashi 70 cikin ɗari ba su da inda za su sami taimako.

A nan gida matsalar biyu ce. Magungunan ba a kowane kanti ake samunsu ba, inda aka samu kuma tsada, karan sigari kuwa yana bakin ƙofa da araha. Sa'an nan likitan da bai taɓa ganin malaminsa ya rubuta su ba, shi ma ba zai rubuta ba.

DOKA TANA NAN A ABUJA

In dai doka ce, ba mu da talauci. Tun 1990, zamanin Janar Babangida, lokacin da marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake Ministan Lafiya, aka kafa dokar soja mai lamba 20 da ta hana shan taba a asibitoci da makarantu da ofisoshi, ta kuma tilasta rubuta gargaɗi a jikin kwali. A 2005 Nijeriya ta amince da yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba, wadda sashe na 14 nata ya ɗora wa kowace ƙasa nauyin taimakon masu son bari. A 2008 Ministan Birnin Tarayya, Dokta Aliyu Modibbo Umar, ya hana busa hayaƙi a wuraren taruwar jama'a a Abuja. Jihar Ikko ta yi tata dokar a 2014. A watan Mayu na 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan babbar dokar taba ta ƙasa, wadda ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta hana sayar da kara ɗai-ɗai, ta kuma yanke tarar akalla Naira 50,000 ko ɗaurin wata shida ga wanda ya sha a inda aka hana. Tun 2021 kuma aka fara manna hotunan cututtuka a jikin kwali.

Kowa dai ya san yadda ake sayar da kara ɗai-ɗai a Mararraba da Nyanya da Zuba, ba sai mun ɓata tawada ba. Abin da ya shafi maganarmu shi ne, kusan duk ƙarfin dokokin nan a kan hani yake. An ce kada ka sha a nan, kada ka saya a can, amma ba a nuna wa wanda ya riga ya kamu ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Dokar 2015 ta kafa asusu na musamman don yaƙi da taba. Abin da aka ware masa a kasafin kuɗin 2023 shi ne Naira miliyan 4.7, a 2024 aka ɗaga zuwa miliyan 10. Kuɗin da ba zai sayi motar hawa mai kyau guda ɗaya ba, da shi za a yi wa mutum miliyan huɗu da ɗoriya aiki.

GA 'YAN'UWANMU MAZAUNA KUDU

Tun da haka abin yake, mai son bari ba zai zauna jiran a gyara manhajar makaranta ba. In ka je asibiti, ko likita bai tambaya ba, kai ka faɗa. Ka gaya masa kara nawa kake sha a rana, shekara nawa ka yi kana sha, da lokacin da kake kunna ta farko. Mu mutanen Arewa muna da ɗabi'ar ɓoye wannan, musamman in ɗa ko ƙane ne ya rako mu yana yi mana tafinta, sai mutum ya ce ba ya sha alhali leɓensa da yatsunsa sun riga sun ba da shaida. In kunya ce, a nemi tafintan da ba ɗan gida ba. Ka tambayi likita kai tsaye ko akwai maganin da zai rage maka ƙishirwa, ka kuma roƙe shi ya sa maka ranar dawowa. Matashin likita in an tambaye shi abin da bai sani ba yakan je ya duba, ko ya tura ka sashen masu lura da ƙwaƙwalwa da shaye-shaye. Kada ka ji an ambaci wannan sashe ka ce an mai da kai mahaukaci, su ne suka fi kowa sanin aikin.

Kada kuma a gudu daga sigari a faɗa taba gari ko ta ƙunsawa a leɓe, domin nikotin ɗin dai shi ne, ga kuma haɗarin dajin baki. Shisha da samari suka ɗauka ado ce a Abuja da Ikko, suna cewa ruwa yana tace hayaƙin, ita ma taba ce, kuma zama ɗaya a kanta ya fi kara ɗaya hayaƙi nesa. Mai azumi kuwa ya riga ya nuna wa kansa cewa yana iya yin sa'a goma sha uku ko sha huɗu babu ita, har kwana talatin a jere. Likitoci a ƙasashen Musulmi da dama suna amfani da watan Ramalana wajen tsai da ranar bari. Wanda ya gwada ya koma, bai faɗi ba, mafi yawan waɗanda suka rabu da ita sai da suka gwada sau da yawa. Jiki kuma ba ya jinkirin biya: bayan sa'a goma sha biyu gubar hayaƙin da ke cikin jini ta sauka, bayan shekara guda haɗarin ciwon zuciya ya ragu da kusan rabi, bayan shekara goma haɗarin dajin huhu ya koma kusan rabin na mai ci gaba da sha.

Su kuwa hukumomi, abin da ake nema a wurinsu bai kai gina sabon asibiti ba. Shugabannin asibitocin koyarwa su buɗe wa matasan likitocinsu hanyar neman taimako a asirce, yadda wanda ke sha zai bari ba tare da sunansa ya zagaya ba. A ƙara layi ɗaya a katin mara lafiya, kusa da inda ake rubuta awon jini da zafin jiki, inda dole a cika ko yana amfani da taba. Hukumar Likitoci da ke nan Abuja da kwalejin Ijanikin kuma su sa wannan aiki cikin jarrabawa, a zaunar da ɗalibi gaban mai shan kwali guda a rana, a ba shi minti uku, malamai suna kallo suna ba da maki.